Motar da Ta Sha Tafiya: Nasiha Ga Matan Aure Kan Gaskiya a Ciniki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana abin hawa a tudu da ruwa da sararin samaniya, Ya halatta mana ciniki Ya haramta mana riba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), ɗan kasuwar da mutanen Makka suka shaida da amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwata Musulma. Na san da kin ga kan wannan magana za ki ce, "To, Malama, yau kuma mota ce a shafin wa'azi? Ai wannan harkar maza ce." Ki yi haƙuri ki saurare ni. Motar gida ke da 'ya'yanki kuke shiga. Sau da yawa adashenki ko gwal ɗinki ne ke cike kuɗinta. In ta yi albarka kina cikin masu jin daɗi, in ta zama ƙarfen bala'i kuɗin cefanenki ne zai fara raguwa. Saboda haka akwai ruwanki.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, wata rana bayan mun tashi daga karatu a Islamiyyar matan aure, wata baiwar Allah ta tsaya har kowa ya watse. Ta ce min, "Malama, ina da tambaya, amma ki rufa min asiri." Ashe sarƙa da awarwaron da ta gada wurin mahaifiyarta ta sayar, ta haɗa da kwasar adashenta ta ba maigidanta, ya cika ya sayo musu mota. Dillali ya rantse musu cewa motar wata tsohuwa ce a ƙasar waje, wadda daga gida sai kanti, kuma ga mita tana nuna tafiyar 78,000 kacal. Ba a yi wata uku ba giya ta fara gardama. Da bakanike ya duba, sai ya ci karo da wata 'yar takarda manne a jikin ƙofa, irin wadda ake liƙawa in an yi juyen baƙin mai. Tun shekara huɗu kafin su saya, motar ta riga ta yi mil 164,000.

Na ɗauka hukuncin dillalin za ta tambaye ni. Sai ta ce, "Malama, Abbansu ya sami wanda zai saya, abokin aikinsa ne ma. Ya ce mu ja bakinmu mu yi shiru, yadda aka yi mana mu ma haka za mu yi. Gwal ɗina ne a ciki. In na yi shiru kuɗina za su dawo, in na yi magana mun tafka asara. Yaya zan yi?"

Amsar da na ba ta tana nan tafe. Amma bari mu faro daga tushe.

Tsufan abin hawa ba abin kunya ba ne

Abin hawa ni'ima ce daga Allah. A Suratun Nahli Allah Ya lissafa mana dawaki da alfadarai da jakuna cikin kyautar da Ya yi mana, don hawa da kuma ado, sannan Ya sanar da mu cewa zai halicci wasu abubuwan da mutanen wancan zamani ba su sani ba. Ibnu Hibbana kuma ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ambaci abu huɗu cikin jin daɗin rayuwa: mace ta gari, yalwataccen gida, maƙwabci na gari da abin hawa mai daɗin sha'ani. Ki lura, 'yar'uwa, ba a ce sabo ba, ba a ce mai tsada ba. Wanda zai kai ki ya dawo da ke lafiya ake nufi.

Ki tuna raƙumin Jabiru ɗan Abdullahi (RA). Suna dawowa daga wata tafiya raƙumin ya gaji, yana jan ƙafa a bayan ayari. Manzon Allah (SAW) ya zo ya zungure shi ya yi masa addu'a, sai ga shi a gaba. Daga nan ya taya shi, Jabiru ya sallama bisa sharaɗin zai hau har Madina. Da suka isa aka sa Bilalu (RA) ya auna masa kuɗinsa har da ƙari, sannan aka mayar masa da raƙuminsa kyauta. Wannan ƙissa tana cikin Bukhari da Muslim. Mafificin halitta ya sayi abin hawan da ya sha tafiya, kuma cinikin ya yi albarka, domin babu abin da ya ɓoyu tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Mu a nan yawancinmu motar hannu muke hawa, ko dai wadda ake kira tokumbo ko 'yar Kwatano, ko kuwa wadda wani ya riga ya hau a cikin gida. Ba mu kaɗai ba ne. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. A Nijeriya, a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, aka koma tashoshin jiragen ruwa. A 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, darajar Naira ta faɗi, farashin mota ya yi tashin gwauron zabo. Wannan ya sa magidanci mai matsakaicin ƙarfi ba shi da zaɓi illa ya nemi wadda ta kwana biyu a hanya.

To, babu laifi a cikin wannan, ba a shari'a ba, ba a hankali ba. Motar da ta yi kilomita 200,000 kamar ta zagaya duniya ne sau biyar, amma in ta sami mai kula da ita, ana yi mata juye a kan lokaci, kuma yawancin tafiyar a kan babbar hanya ta yi ta, za ta iya fin wadda ta yi rabin haka a cunkoson gari babu kulawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Kowa ya sayi rariya kuma ya san za ta zubar da ruwa: wanda ya sayi tsohuwar mota da saninsa, a farashin tsohuwa, ya tanadi kuɗin gyara, babu wanda ya cuce shi. Inda matsalar take shi ne a sayar miki da tsohuwa da sunan yarinya.

Mitar mota mudu ce

Lambar nan da ke gaban direba, mai ƙirga tafiyar da mota ta yi, ma'auni ce kamar mudu da tiya da sikeli. Da ita ake yanke farashi. Wanda ya sa aka mayar da ita baya, ko da ƙusa ya yi ko da kwamfuta, ya taɓa ma'auni. Allah kuwa Ya saukar da sura sukutum, Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da narkon azaba ga masu cika mudu in su za su karɓa, su tauye in su za su bayar. Mutanen Madyana, al'ummar Annabi Shu'aibu (AS), tauye mudu na cikin manyan laifuffukan da aka halaka su a kai.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A zamanin jahiliyya, mutum in zai sayar da taguwa ko tunkiya sai ya ƙi tatsarta kwana biyu ko uku, hantsa ta cika ta yi tantsan, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Manzon Allah (SAW) ya hana wannan a hadisin Abu Huraira (RA), kuma ya ba wanda aka yi wa haka zaɓi bayan ya tatsa ya gane gaskiya: in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha. A ruwayar Muslim an ba shi kwana uku. To, don Allah mene ne bambancin ɗaure hantsa da mayar da mita baya? Duka biyun ƙarya ce da aka yi da hannu maimakon baki.

Haka nan Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin, sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan aka sanar da shi cewa mai algus ba ya cikinmu. Ki ajiye wannan hadisi a zuciyarki, domin akwai motocin da ruwa ya ci a zahiri. Duk lokacin da aka yi babbar ambaliya a Amurka, kamar ta guguwar Katrina a 2005 ko ta Harvey a 2017, motoci masu ɗimbin yawa kan nutse. Kamfanonin inshora su yi gwanjonsu a matsayin lalatattu, wasu a wanke su a goge a loda su a jirgi. Ki gan ta tana ƙyalli, kyan ɗan maciji, alhali wayoyinta na ruɓewa a ciki.

Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda da yawanmu muka karanta a gaban malamanmu, ya tattara wannan hukunci a babin ciniki. Bai halatta a yi algus ko yaudara ko ɓoye aibi ba, haka nan bai halatta mai kaya ya yi shiru a kan abin da in ya faɗa mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. Wanda kuma ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a gaya masa ba, yana da haƙƙin mayarwa. Sai dai malamai sun yi gargaɗi: in ka gano aibin ka ci gaba da amfani da kayan ba tare da uzuri ba, ana ɗaukar hakan a matsayin ka yarda. Saboda haka ranar da aka gano, ranar ake komawa. Maganar nan kuma da 'yan kasuwa ke yi, "yadda ka gan ta haka na sayar, in ta fita ba dawowa," a mazhabarmu ta Malikiyya ba ta wanke mutum daga aibin da ya sani ya ɓoye.

A ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali

Wata za ta ce, "Ai Malama komai ƙaddara ce." Haka ne. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa da wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Ga igiyoyin da za ki tuna wa maigida, cikin ladabi da taushin murya, kafin kuɗi su bar hannu.

Na farko, ba a cinikin biri a sama. Hoto a waya ba gani ba ne. A je da rana, a tafi da bakanike mai tsoron Allah wanda ku kuka ɗauko shi, ba wanda dillali ya kawo ba, a biya shi ladan dubawarsa ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya zama cin abincinsa ya rataya ga faɗuwar cinikin.

Na biyu, a san da wane ma'auni mitar take ƙirga. Motocin Amurka da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi, wato mil 100,000 ya kai kusan kilomita 161,000. Sannan a yi ɗan lissafi. Motar da ta shekara 12 tana nuna kilomita 60,000, ma'anarsa kilomita 5,000 take yi a shekara, kimanin kilomita 14 a rana. Yana yiwuwa, amma sai an kawo hujja. A dubi sitiyari da abin taka birki da kujerar direba. In sun siɗe sun lotse alhali mita na cewa yarinya ce, to jikin ya fi mitar gaskiya.

Na uku, kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17. A tabbatar wadda ke jikin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta cikin takardu duk ɗaya ce. In motar daga Amurka ta fito, da wannan lamba ana iya sayen tarihinta ta intanet daga kamfanoni irin su Carfax, a ga tafiyar da aka rubuta mata a baya, da ko ta taɓa yin haɗari ko nutsewa. Ɗanki ko ƙaninki mai waya zai iya wannan aiki.

Na huɗu, a tayar da ita da safe injin na sanyi, a tsaya a bayanta a kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar tana shan baƙin mai ce. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. A ɗaga kafet a sunsuna, a leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshen taɓo. A hau ta a yi tafiya mai ɗan nisa a ji yadda giya ke shiga. A tambaya yaushe aka canza bel ɗin taimin in mai bel ce, domin in ya tsinke ana tafiya yana iya kashe injin. Taya ma tana da ranar haihuwa: lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tsohuwar taya a zafin kwaltar watan Afrilu, da yara a baya, ba abin wasa ba ce.

Na biyar, takardu. Takardar kwastan ta gaskiya, shaidar mallaka, da yarjejeniyar saye a rubuce da shaidu, a kuma yi canjin suna a hukumance. Motar da aka karya farashinta ƙwarai kuma babu takarda, a guje ta. Sayen kayan da ake kyautata zaton na sata ne haramun ne, ga kuma kashin kaji da zai shafi mutum a wurin hukuma. A cikin yarjejeniyar a rubuta abin da mita ke nunawa, a rubuta cewa mai sayarwa ya tabbatar ba a taɓa ta ba, a kuma nemi kwanakin gwaji. Shari'a ta yarda da sharaɗin zaɓi na ɗan lokaci. Akwai sahabin da ake yawan yi wa wayo a kasuwa, Manzon Allah (SAW) ya koya masa ya riƙa gindaya sharaɗin babu yaudara duk lokacin da zai yi ciniki. Mai gaskiya ba ya gudun rubutu.

Sannan a yi istihara. Jabirun nan mai raƙumi shi ne ya ba mu labarin cewa ana koya musu ita a kan dukkan al'amura kamar yadda ake koya musu sura.

Da wane kuɗi?

'Yar'uwa, mota ba ta kai a shiga yaƙi da Allah saboda ita ba, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya gaya mana cewa mai nacewa a kan riba shelar yaƙi ya karɓa daga Allah da ManzonSa. In kuɗi ba su kai ba, a yi haƙuri a tara, ko a shiga adashe, ko a nemi rance mai kyau wurin ɗan'uwa. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021. Tsarin murabaha da irin waɗannan bankuna ke amfani da shi, sharaɗinsa shi ne mai bayarwa ya mallaki motar tukuna, sannan ya sayar muku da ribar da aka sani, a farashin da ba ya ƙaruwa. Ku karanta takarda, ku tambayi malami kafin sa hannu.

Kada kuma a zuba duk abin da aka mallaka a kan saye. Motar da ta sha tafiya tana zuwa da 'yan buƙatunta: juyen baƙin mai da man giya, shokazoba, birki, taya, wataƙila lagireto. In kuɗin da ke hannu goma ne, a nemi ta bakwai ko takwas, a ajiye saura. A kuma zaɓi irin wadda kayan gyaranta ke ko'ina kuma kowane bakanike ya san ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga wata magana da ta shafe ki kai tsaye. Dukiyarki taki ce, aure bai mayar da ita ta miji ba. In kin ba da gudummawa, ki fayyace tun farko: kyauta ce, ko rance, ko tarayya? In kyauta ce da daɗin rai, Allah Ya ba ki lada. In rance ne ko tarayya, a rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ba rashin yarda da miji ba ne, bin umarnin Allah ne. Mun sha ganin inda maigida ya rasu, motar da aka saya da gwal ɗin uwargida ta shiga cikin gado, domin sunansa ne a takarda. Ita kuwa tumunin da za ta samu in akwai 'ya'ya, kashi ɗaya cikin takwas, shi ma raba shi za su yi da abokiyar zama. Da an rubuta bashi ne, sai an biya ta kafin a fara rabo. Takarda ɗaya tana kare zumuncin 'ya'yanki da 'yan'uwansu.

Ki kula da harshenki

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mata. Maza da yawa ba don kansu suke kinkimo abin da ya fi ƙarfinsu ba. Gori ne ya ishe su. "Wance mijinta ya canza mota." "Ni dai kada ka sake kai ni gidan biki a wannan akwalar, ka sauke ni a bakin layi." Kalma ɗaya irin wannan tana iya tura bawan Allah wurin mai ba da bashi da ruwa, ko ta sa ya saki motar da ya san ciki da bayanta, ya ɗauko mai sheƙi wadda bai san komai a kanta ba. Manzon Allah (SAW) ya hore mu da mu riƙa duban wanda ke ƙasa da mu a abin duniya, don kada mu raina ni'imar Allah. Ranar da kike jin kunyar tsohuwar motar mijinki, ki leƙa titi ki ga 'yar'uwarki da goyo da yara uku tana jiran a-daidaita-sahu a tsakar rana. Motar da babu bashin kowa a kanta, ko fentinta ya koɗe, ta fi wadda ke hana maigida barci.

Ranar da ku ne masu sayarwa

Yanzu mu koma ga baiwar Allah da na fara ba ki labarinta. Kowa yana son a gaya masa gaskiya ranar da yake saye. Jarrabawar tana zuwa ne ranar da makullin ke hannunka, wani kuma ya zo da guminsa.

Na ce mata, "'Yar'uwa, wanda ya cuce ku zai tsaya gaban Allah da ku, kuma haƙƙinku ba zai ɓata ba. Amma abokin aikin mijinki me ya yi muku? In kun yi shiru, kun tashi daga layin waɗanda za a biya ranar ƙiyama kun koma layin waɗanda za su biya. Kuma a ranar babu Naira babu gwal, da lada ake biya." Na tuna mata hadisin Hakimu ɗan Hizamu (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya nuna cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka a cinikinsu, in kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar. Na ce mata wataƙila shi ma mai sayen, gwal ɗin matarsa ne a aljihunsa. Kuma in giyar nan ta ƙwace a kan hanya da iyalinsa a ciki, wa zai ɗauki alhakin?

Ta ce, "To in ya ƙi ji fa?" Na ce ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi, bayan ya ci ya huta, ba gaban yara ba. Kada ki ce masa macuci, domin shi ma ciwon asara ke damunsa, kuma kunyarki yake ji. Ki ce masa, "Abbansu, in don gwal ɗina ne, na yafe abin da zai ragu. Na fi son mu ci kaɗan mai tsarki." Kin ga kin sauke masa rabin nauyin. In ya dage, ki gaya masa a fili cewa ba da yawunki ba, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana a asirce. Biyayya ga miji wajibi ce, amma babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci. In kuma aka tambaye ki, kada ki yi shaidar zur.

Bayan 'yan makonni ta dawo min da labari. Sun koma wurin dillalin, ya ce a kawo takarda, babu. Maigidan ya kwana biyu yana fushi, daga baya da kansa ya kira abokin aikin nasa ya gaya masa komai. Mutumin ya fasa. Daga ƙarshe wani bakanike ya saya da saninsa, a farashin da bai kai abin da suka zuba ba. Har yau ba ta mayar da sarƙar mahaifiyarta ba, kuma ba zan ce miki washegari arziki ya sauko musu daga sama ba. Abin da ta gaya min shi ne, "Malama, mutumin nan har gida ya zo da matarsa suka gaishe mu. Da mun sayar masa, da wane ido zan kalle ta?"

Saboda haka, in ranar sayarwa ta zo gidanki, ki zama mai tuna wa maigida. A faɗi tafiyar da ta yi ta gaskiya. A faɗi haɗarin da ta taɓa yi, da injin da aka sauke, da ruwan da take ci. Kada a zuba mai mai kauri don a ɓoye ƙara, kada a kashe fitilar gargaɗi, kada a sa wani ya zo yana taya ƙarya don a zuga mai saye, wannan shi ne najashu da aka hana. A bar yawan rantsuwa, domin tana sayar da kaya amma tana cinye albarka. In mijinki ko ɗanki dillali ne, ki gaya masa la'adar da aka sani halal ce, amma ƙara kuɗi a ɓoye a bayan wanda ya wakilta shi cin amana ne. Abin da ya shigo da shi, tukunyarki zai shiga, cikin 'ya'yanki zai sauka.

In Allah Ya hore muku motar, sabuwa ce ko tsohuwa, ki koya wa yara addu'ar hawa da ke cikin Suratuz Zukhrufi. Ki lura da yadda ta ƙare da tuna mana cewa ga Ubangijinmu za mu koma. Mu ma matafiya ne, 'yar'uwa, kuma akwai masu rubuta tafiyarmu dama da hagu, rubutun da babu mai iya mayar da shi baya.

Allah Ya azurta mazajenmu da halal mai albarka, Ya ba mu wadatar zuci, Ya tsare mu daga cuta da cutarwa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.